Yadda Ake Gina Ɗakin Tsara Dabarun Yaƙi na Jirgin Sararin Samaniya Don Ɗaukar Fim a Akra

Tun da muka nuna ɗan gajeren fim ɗinmu na ƙagaggen labarin kimiyya, matasa daga Nima, Mamobi, Madina da Sabon Zango, har da wasu daga Aboabo a Kumasi, suke ta tambayata abu guda: a ina muka sami ɗakin nan da kwamandan jirgi da hafsoshinsa suke tsaye kewaye da teburi mai haske suna tsara yadda za su tari abokan gaba? Ɗakin wani shago ne da ba kowa a cikinsa, kuma da hannunmu muka mayar da shi haka, da taimakon kafinta ɗaya da mai gyaran wutar lantarki ɗaya. Ga matakan a jere yadda ya kamata a bi su. Ina roƙon 'yan uwa kada su tsallake na farko da na biyu don ɗokin kama guduma, domin yawancin asarar da na gani a wannan aiki daga nan take farawa.

1. Rubuta shawarar da za a yanke a ɗakin

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, a zauna da marubucin labarin a fitar da amsar tambayoyi huɗu a takarda: wace shawara ce za a yanke a wannan ɗaki, mutum nawa ne za su tsaya a ciki, wane ne yake da maganar ƙarshe, kuma wane labari ne zai shigo a tsakiyar zaman ya rushe shirin da aka fara. Ɗakin tsara dabaru daban yake da wurin tuƙin jirgi. A wurin tuƙi ana aiwatar da umarni ne, kowa yana zaune yana fuskantar gaba, amma a nan ana gardama, ana auna asara da riba, kuma mutane suna fuskantar juna. Wanda ya fahimci wannan bambanci zai gane cewa ba ya buƙatar katuwar taga mai nuna taurari, kuma wannan kaɗai ya rage masa kuɗi masu yawa.

Mutum biyar sun isa: kwamanda, mataimakinsa, jami'in leƙen asiri, jami'in sadarwa, da injiniya wanda zai faɗi iyakar abin da jirgin zai iya. Idan sun wuce shida, shago ba zai ɗauke su tare da kyamara da fitilu ba.

Gargaɗi: duk maɓalli ko allon da za a gina, a tabbata akwai wanda zai taɓa shi ko ya dube shi a cikin labarin. Abin da ba shi da aiki a rubuce, a cire shi daga jerin sayayya tun yanzu.

2. Kafa dokokin jirgin

Akwai abubuwa uku da dole a daidaita a kansu, domin su ne za su faɗi siffar ɗakin.

Na farko shi ne nauyi. 'Yan sama jannatin da ke Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda mutane suke zaune a cikinta ba yankewa tun shekarar 2000, shawagi suke yi, kuma nuna hakan a fim yana buƙatar igiyoyi da na'urorin da ba mu da su. Saboda haka a sa jimla ɗaya a bakin injiniya wadda take bayyana dalilin da ya sa mutane suke tsaye da ƙafafunsu: ko dai jirgin yana juyawa kamar taya, ko kuwa injinsa yana tura shi gaba ba tsayawa. Dukansu biyu hanyoyi ne da kimiyya ta yarda suna haifar da abin da jiki zai ji kamar nauyi. Duk da haka a kafa maƙallan hannu a jikin bango da gefen teburi, domin jirgin yaƙi yana iya rasa injinsa a kowane lokaci, kuma mai kallo yana karanta wannan haɗari daga ganin maƙallan ko da ba a faɗa ba.

Na biyu shi ne nisa, kuma a ganina nan ne daɗin labarin yake. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, saƙon rediyo ma haka. Daga duniya zuwa wata, tazarar kusan kilomita 384,400, saƙo yana ɗaukar daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗoriya, amma zuwa duniyar Mars yana ɗaukar tsakanin minti 3 zuwa 22, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. Ma'anar wannan ita ce, idan jirgin abokan gaba yana nesa da kilomita miliyan 18, abin da hafsoshi suke gani a kan teburi hoton inda yake ne minti ɗaya da ya wuce. Kwamanda yana yanke shawara ne a kan tsohon labari, kuma ya san da haka. Marubucin da ya riƙe wannan ba zai rasa abin da zai sa mutanensa su yi gardama a kai ba.

Na uku shi ne agogo. Tashar da na ambata tana aiki ne da lokacin Girinwic, wanda shi ne daidai lokacin da muke amfani da shi a Gana. A rataye agogo biyu masu lambobi: ɗaya na lokacin jirgi, ɗaya mai ƙirga abin da ya rage kafin haɗuwa da abokan gaba.

3. Zaɓen wuri da awo

A nemi ɗaki ko shago wanda bai gaza ƙafa 12 a faɗi da ƙafa 14 a tsawo ba, mai daɓen siminti da bai karkace ba, mai ƙofa da za a iya shigar da filawud mai ƙafa 4 da 8 ba tare da an yanka shi ba. A je wurin sau biyu kafin a biya, sau ɗaya da rana, sau ɗaya da dare, a tsaya shiru na minti biyar ana sauraro. Injin niƙa, lasifikar mai sayar da waƙoƙi, ko tashar motocin haya na turoturo da ke kusa za su lalata sauti, kuma ba a gyara wannan da fenti. Idan rufin kwano ne ba silin, a guji watannin Mayu da Yuni, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi a Akra.

A yi magana da mai gida a fili game da kwana nawa za a yi, da wanda zai sayi katin mitar wuta, da cewa ba za a buga ƙusa a bangonsa ba. Yana da kyau a gaida mai unguwa ko limamin masallacin layin a sanar da su abin da ake yi, domin ganin matasa suna shiga shago da dare da kaya iri ɗaya yana iya tayar da hankalin maƙwabta.

Bayan haka a zana ɗakin a ƙasa da alli: inda teburi zai zauna, inda kowane mutum zai tsaya, da hanyar da kyamara za ta bi. A bar aƙalla ƙafa 3 tsakanin teburi da bango ta kowane gefe, sannan a bar ɓangare ɗaya a buɗe gaba ɗaya don masu ɗauka.

4. Kasafin kuɗi da sayayya

Farashin katako da kayan wuta yana motsi da motsin sidi, don haka ya fi amfani a raba kuɗin kashi-kashi. Daga kowace sidi 100 da aka tara, shawarata ita ce 30 su tafi ga teburi, 20 ga wuta da fitilu, 20 ga bango da fenti, 10 ga tufafi, 10 ga jigila da abincin ma'aikata, sannan a ɓoye 10 ba za a taɓa ba sai ranar ɗauka. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba rabin kuɗi a bango, wanda yawancinsa zai kasance cikin duhu, sai a zo kan teburi, wanda kyamara za ta fi kallo, a tarar aljihu ya bushe.

Katako da filawud ana samunsu a kasuwar katako ta Akra, kayan wuta a wajajen Opera Square, tsofaffin wayoyin hannu da allunan kwamfuta a Tiptoe Lane kusa da shataletalen Kwame Nkrumah, tarkacen mota a Abossey Okai, tufafi kuma a Kantamanto. Ga 'yan uwanmu na Kumasi, Sokoban tana da katako, Suame Magazine tana da ƙarfe da tarkacen mota fiye da abin da za ku iya ɗauka, Kejetia da Adum kuma suna da sauran. A tafi da kafinta ranar sayen katako, domin shi ya san wanda ya bushe da wanda zai lanƙwashe bayan kwana uku, kuma a haɗa kaya duka a aboboya ɗaya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, don kada kuɗin jigila ya ninka.

Kayan aiki kuwa aro ake yi ko haya: zarto, guduma, tef na awo, na'urar huda rami, sukurudireba, bindigar gam, samfefa, buroshi da abin naɗa fenti.

5. Gina teburin taswira

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan zan daɗe. Hafsoshi a tsaye suke tsara yaƙi, don haka tsayin teburin ya kasance tsakanin santimita 90 zuwa 95, yadda mutum zai dafa hannuwansa biyu ya sunkuya kaɗan, hasken ya bugi fuskarsa daga ƙasa. Faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 6 ya wadatar da mutum biyar. A datse kusurwoyi huɗun ya zama mai gefe takwas, domin teburi mai kusurwa huɗu yana kama da na cin abinci komai fentin da aka shafa masa.

A fara da ƙashin teburin daga katako mai inci 2 da 2, irin wanda masu katako suke kira wawa, saboda ba shi da nauyi kuma yana karɓar sukuru ba tare da tsagewa ba. A rufe gefuna da filawud mai kauri rabin inci. A saman ƙashin a yi akwati mai zurfin santimita 20, a shafe cikinsa da farin fenti, a shimfiɗa zaren fitilun LED a ƙasansa layi-layi, tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakanin kowane layi. A saman akwatin ne za a ɗora farantin roba mai kama da gilashi, wanda masu yin allunan talla suke kira fasfes, mai kaurin milimita 5 ko fiye. Idan an sami mai launin madara, shi ya fi. Idan garau ne, a manna takardar zane mai shara-shara a ƙarƙashinsa don ta watsa hasken.

Gargaɗi: zurfin nan na santimita 20 ba ado ba ne. A ƙoƙarinmu na farko mun sa fitilun kusa da farantin, sai kowace ƙwaya ta fito a kyamara kamar ɗigon wuta, taswirar ta ɓace, dole muka kwance akwatin muka sake shi, muka yi asarar kwana biyu da filawud guda. Haka kuma a sa sanda ɗaya siririya ta ratsa tsakiya a ƙarƙashin farantin, domin 'yan wasa za su dafa shi da nauyinsu idan gardama ta yi zafi. Kada a yi amfani da gilashin taga ko kaɗan, fashewarsa a ƙarƙashin hannun mutum ba ƙaramin rauni ba ne.

Taswirar kanta a buga ta a kan leda mai mannewa a wurin masu buga fosta, ko a zana ta da hannu da siririn baƙin tef. A sa jirginmu a tsakiya, a zagaye shi da da'irori huɗu ko biyar, kowace da lambar nisanta, sannan a raba kewayen zuwa digiri 360 ana rubuta lamba a kowane 30. A huda ramuka a gefen akwatin don zafi ya fita, a bar ƙofa ƙarama ta ɓangaren da kyamara ba ta gani don gyara waya.

Wasu sun tambaye ni ko za a iya kwantar da talabijin mai faɗi a madadin wannan duka. Ana iya yi, kuma yana ba da taswira mai motsi, amma fuskarsa tana ƙyalli, tana nuna fitilun sama da mai kyamara, kuma haskensa ba ya kai na akwatin ƙarfi a fuskokin mutane masu duhun fata irin namu. Ni na fi son akwatin.

6. Alamomin jirage

A lokacin yaƙin sama na Birtaniya a 1940, a ɗakin tsara dabarun sojojin sama da ke ƙarƙashin ƙasa a Uxbridge, kusa da Landan, mata ne suke tura ƙananan katakai a kan katon teburin taswira da dogayen sanduna, manyan hafsoshi suna kallo daga bene. Wannan tsohuwar dabara ta fi kowane zanen kwamfuta amfani ga mai ƙaramin kasafi, saboda tana ba ɗan wasa abin da zai riƙe, ya matsar, ya ture da fushi, ko ya cire daga teburi a hankali idan jirgi ya halaka.

Sai dai sararin samaniya yana da sama da ƙasa, ba kamar teku ba. Don nuna wannan, a kafa kowace alama a kan wayar taya ta keke mai tsayi daban-daban, a dasa ta a gindi mai nauyi kamar babban noti. Jirgin da yake sama da mu yana kan doguwar waya, wanda yake daidai da mu yana kan matsakaiciya, wanda yake ƙasa yana kan gajera. Launuka a bi tsarin da sojojin ƙawancen NATO suke bi a taswirorinsu: shuɗi namu, ja na abokan gaba, kore na 'yan ba-ruwanmu, rawaya kuma wanda ba a tantance ba. Rawayar nan ita ce abokiyar marubuci, domin alama ɗaya rawaya a gefen teburi ta isa ta riƙe zuciyar mai kallo har ƙarshen fitowa. A rataya wa kowace alama ɗan kati mai nuna lokacin da aka gan ta na ƙarshe, saboda dokar nisa da muka kafa a mataki na biyu.

7. Bango

A yi bangon gunduwa-gunduwa, kowace ƙafa 4 da 8, ƙashi na katako, fuska ta filawud mai kwata inci, a tokare ta daga baya da katako mai kusurwa uku da buhun yashi. Guda shida ko bakwai sun isa gefe uku. A haɗa su da sukuru, don a iya cire ɗaya idan kyamara tana son shiga ta can. Idan an karkato saman bangon ciki kaɗan, ɗakin zai yi ƙunci irin na jirgi.

A manna tarkace kafin fenti: bututun roba na famfo, tiren ƙwai, murfin fankar kwamfuta, ragar gaban mota, tsofaffin allunan rubutu na kwamfuta, da farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji. A jera su da tsari, bututu ya fito daga wani akwati ya shiga wani, kada ya tsaya a banza a tsakiyar bango. Sannan a shafe komai da fentin ruwa mai launin toka mai duhu, wanda ba ya ƙyalli. Idan ya bushe, a tsoma busasshen buroshi cikin fentin azurfa kaɗan a goga a gefuna da wuraren da hannu yake yawan taɓawa, sai katako ya koma kamar ƙarfen da ya sha aiki.

Gargaɗi: fentin feshi na gwangwani yana narkar da farin soso nan take, don haka a fara rufe shi da fentin ruwa ko farin gam. Fenti mai ƙyalli kuma yana tona asirin filawud da zarar haske ya taɓa shi. A yi fenti ƙofa a buɗe, a ba shi kwana biyu ya sha iska kafin a rufe mutane a ciki.

8. Wuta da haske

Wannan mataki na mai gyaran wuta ne wanda ya san aikinsa, ba na abokin da ya taɓa gyara soket ba. Wutar gidajenmu volt 230 ce, zaren LED kuma yawanci volt 12 yake ci, don haka yana buƙatar na'urar rage wuta. Lissafin ba shi da wuya: irin zaren da ake kira 5050, mai ƙwaya 60 a kowace mita, yana cin kimanin wat 14 a mita, wato naɗi ɗaya mai mita 5 yana cin kusan wat 72, amfiya 6 ke nan. A sayi na'urar da ta fi wannan ƙarfi da aƙalla kashi ɗaya cikin biyar. Mu mun taɓa haɗa naɗi biyu a kan ƙaramar na'ura ɗaya da wani mai shago ya tabbatar mana za ta ɗauka, kafin awa guda ta yi zafi ta fara wari a cikin akwatin katako mai cike da takarda. Allah ne ya kiyaye. Tun daga ranar, na'urorin rage wuta a waje da teburi muke ajiye su, a kan bulo, kuma akwai tukunyar kashe gobara a bakin ƙofa.

Tsarin hasken kuwa sauƙi gare shi. Teburi shi ne babbar fitila. A ƙara siririn haske shuɗi a bayan 'yan wasa daga sama don ya raba kafaɗunsu da bango, da ƙananan fitilu a cikin tarkacen bango. A tanadi layi na biyu na jan haske a kan makunni daban, wanda za a kunna idan an shiga halin faɗa. Jiragen ruwan yaƙi sun daɗe suna amfani da jan haske da dare don kada idon ma'aikata ya rasa sabonsa da duhu, kuma mai kallo yana gane ma'anarsa ba tare da bayani ba. A kashe fitilar silin gaba ɗaya, a toshe tagogi da baƙin yadi.

Gargaɗi: saboda ɗaukewar wuta, a tanadi batirin mota mai caji, wanda zai iya riƙe zaren volt 12 kai tsaye idan an sa fis a tsakani. Idan janareto za a yi amfani da shi, ya zauna a waje, nesa da ƙofa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki ba tare da an ji warinsa ba. Haka nan kada a ƙona gawayi ko turare don a sami hazo a hoto.

9. Alluna da rubuce-rubuce

Tsofaffin kwamfutocin cinya biyu ko uku da wayoyin da fuskarsu ba ta fashe ba sun isa. A ɓoye jikinsu a bayan filawud, a yanka taga daidai girman fuskar. Abin da za su nuna a shirya shi tun kafin ranar ɗauka, a matsayin bidiyo mai maimaita kansa. Manhajar Stellarium kyauta ce kuma tana nuna taurari a inda suke na gaskiya, Blender ma kyauta ce ga wanda zai zana jirage. A rage hasken allunan har sai rubutunsu ya fito a kyamara.

Wani abu mai arha da kyau shi ne allon fasfes garau a tsaye, wanda jami'i yake rubutu a kansa da farin alƙalami. A jiragen ruwan yaƙin Amurka na da, ma'aikaci yana tsayawa a bayan irin wannan allo yana rubutu a juye don hafsoshin da ke gaba su karanta daidai. Idan an sa zaren LED a gefen farantin, rubutun yana kamawa da haske.

Rubutun jikin bango da maɓallai a yi shi da Hausa, da boko da ajami: Makamai, Sadarwa, Iska, Mafita, Hattara. Jirage a ba su sunaye irin Shaho, Mikiya ko Zara. Jirgin da mutanensa suke magana da Hausa amma bangonsa yana Turanci yana gaya wa yaranmu cewa aro muka yi, ni kuwa ba na son mu gaya musu haka, musamman a ƙasar da matasan injiniyoyi daga wata jami'a ta Koforidua suka ƙera tauraron ɗan adam GhanaSat-1 aka harba shi a 2017. Sai dai kada a rubuta ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a kan kayan da za a kwance a jibge a ƙasa bayan an gama.

10. Tufafi

Dokar Gana ta hana farar hula sa kakin soja, saboda haka a nisanci yadin kamanni da duk wata alama ta rundunar ƙasa. A sayi rigunan makanikai ko jaket marasa zane masu launi ɗaya, a kai wa tela ya cire tambarin kamfani, ya ɗaga wuya, ya ɗinka alamar muƙami da kuka ƙirƙira da kanku. Hula da ɗankwali ko hijabi masu launin rigunan suna shiga tsarin ba tare da wata matsala ba. A guji yadi mai ƙananan layuka, yana rawa a kyamara. Ɗakin tsara dabaru ba ya buƙatar bindiga, don haka kada a ɗauko ta roba a bi da ita cikin unguwa.

11. Gwaji, sauti da ɗauka

A ware yini guda na gwaji da cikakken haske da tufafi. A saita kyamara ko waya a kan hoto 25 a daƙiƙa, saurin rufe idon kyamara kuma kashi ɗaya bisa 50 na daƙiƙa, domin wutarmu tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Wanda ya bar wayarsa a kan 30 zai iya ganin layuka suna yawo a hotonsa. A kulle haske da launi da hannu, in ba haka ba wayar za ta riƙa canza su duk lokacin da mutum ya gifta gaban teburi.

Tunda mutane suna kewaye da teburi, abu ne mai sauƙi mai kallo ya rikice game da wanda yake kallon wa. A ja layi a zuci tsakanin mutum biyun da suke gardama, kyamara ta zauna a gefe ɗaya na layin har fitowar ta ƙare. A ɗauki hoto ɗaya daga sama, ta kan tsani, wanda yake nuna taswirar duka, sannan a ɗauki hannuwa suna matsar da alamomi. A ɗauki hoton teburin da waya bayan kowane yanki, don a mayar da alamomin inda suke idan za a maimaita.

Sauti ya fi hoto saurin tona asirin ƙaramin fim. A rataya barguna a ɓangaren da kyamara ba ta gani don su sha amsa-kuwwa, a kashe fanka lokacin ɗauka, a kusantar da makirufo ga baki gwargwadon iko. Lokacin da ya fi shiru a unguwanninmu shi ne daga bayan sallar isha'i da awa biyu zuwa kafin kiran assalatu, kuma a tsara jadawali yadda za a tsaya a kowane lokacin salla. Rufaffen ɗaki ba fanka yana zafi sosai, don haka a buɗe ƙofa kowane minti ashirin, a tanadi ruwan leda da tawul. Kafin a tashi, kowa ya yi shiru a naɗi minti ɗaya na sautin ɗakin, sannan a naɗi gurnanin firji daban. Idan an rage saurinsa a manhajar tace hoto da sauti ta DaVinci Resolve aka shimfiɗa shi a ƙarƙashin magana, shi ne zai zama numfashin injin jirgi. Fashewar da ke faruwa a waje ba a jinta, domin babu iskar da za ta ɗauko sauti a sararin samaniya. Abin da hafsoshi za su ji shi ne girgizar jikin jirginsu idan an same shi, kuma ana yin wannan da girgiza kyamara kaɗan, da mutum ɗaya a ƙarƙashin teburi yana bugunsa don alamomi su faɗi.

Wanda yake nufin nuna fim ɗinsa ga jama'a a sinima ko talabijin ya tuntuɓi Hukumar Fina-finai ta Ƙasa, wadda dokar 2016 ta ɗora wa alhakin tantance fina-finai, tun kafin ya sa ranar nunawa.

12. Kwancewa da ajiya

Kada a kwance komai sai mai tace hoto ya duba abin da aka ɗauka duka ya tabbatar babu abin da za a maimaita. Bayan haka a fara cire wuta, sannan alluna, sannan bango, teburi a ƙarshe. A sa wa kowace gunduwar bango lamba a bayanta, a jingine su a tsaye a kan bulo don damshi kada ya kumbura filawud, a naɗe fasfes da tsohon zane saboda yana saurin karcewa. Tarkacen lantarki a mayar wa masu sayen kayan gwangwan, kada a ƙona su kuma kada a zuba su a kwata. A share shagon, a biya abin da ya rage na wuta, a miƙa wa mai gida makullinsa hannu da hannu.